Sai Da Suka Ga Uwar Bari

Yau ba cigaban littafi na kawo muku ba, wata magana ce ta tsaya mini a maƙoshi.

A watan Satumba 2023 kamfanin Unity, mai manhajar da ake haɗa wasannin waya da kwamfuta, ya wayi gari ya ce wasan da ya yi kasuwa, duk wanda ya sauke shi sai mai wasan ya biya har senti 20. Har da wasannin da suka riga suka fita! Masu haɗa wasanni suka yi musu ca. Suka ba da haƙuri, shugabansu John Riccitiello ya sauka a Oktoba, a 2024 suka soke kuɗin dungurungum.

Wai har da masu yabonsu, sun saurari koke. Ina! Gani suka yi mutane na tattara komatsansu zuwa Godot, wadda kyauta ce. Masu wasan Terraria ma dala 100,000 suka ba Godot gudummawa.

Na san halin. Wani ɗan kasuwa ya riƙe mini kuɗin littafi shekara biyu, kullum sai gobe. Ranar da ya gan ni a shagon maƙwabcinsa da sabon rubutu, bayan isha'i ya yi mini sallama da kuɗina a leda.