Sola a kan rufin gida: riba ce ko asara?

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Najeriya, wadda a lokacin take ba Nijar kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinta, ta katse wutar. Tun daga lokacin farantan sola suka yawaita a kan rufin gidajen Yamai. CEDEAO ta ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 ma ta fara aiki, amma ɗaukewar wuta lokacin zafi ba ta ƙare ba. Haka abin yake a Garwa da Marwa a Kamaru idan ruwan madatsar Lagdo ya ja baya.

Ko kuɗin sola na dawowa? Ya danganta da abin da aka gwada shi da shi. Wanda ke samun wutar Nigelec a kai a kai zai daɗe bai mayar da kuɗinsa ba. Mai dogaro da janareto kuwa lissafinsa daban ne. A Yulin 2024 an mayar da litar fetur sefa 499 a Nijar. Gidan da ke ƙona lita 2 a rana yana kashe kusan jika guda kullum, wato sama da jika 360 a shekara, ban da gyara.

Matsalar tana wurin batir. Farantin kirki yana kai shekara 20 zuwa 25, amma batirin ruwa a zafin Sahel sau da yawa ba ya wuce shekara 2 ko 3. Na lityum ya fi daɗewa, sai dai tsada. Wanda bai sa kuɗin canjin batir cikin lissafi ba zai sha mamaki. Ƙurar hunturu na rage ƙarfin faranti idan ba a gogewa, zafi mai tsanani ma haka.

Saboda haka tela, mai sayar da ƙanƙara ko mai cajin waya, waɗanda aikinsu na rana ne, su ne suka fi cin riba, don ba sa buƙatar batir mai yawa. Fitila, fanka da firij ma sola na ɗauka. Na'urar sanyaya ɗaki cikin dare ita ce ke ninka kuɗin. Kafin saye, a ƙirga kayan wutar gida da awannin aikinsu, a kuma nemi garanti a rubuce.