Kazar Da Ke Ɗanɗana Man Jirgin Yaƙi

Zancenmu na makon nan a kan wata sana'a ne da ba kowa ya san da ita ba, watau sana'ar mutanen da ke ɗura wa kaji man injin jirgin sama, sa'an nan su zuba musu ido har kwana 21 suna duban yadda suke tafiya. Wanda ya ji wannan a karon farko zai ce rashin aikin yi ne, ko kuwa tsabar mugunta. To, amma kafin mu yanke musu hukunci ya kamata mu ji abin da ya auku a ƙasar Maroko cikin shekarar 1959.

A watan Satumba na wannan shekara asibitocin birnin Meknes da na garuruwan kewaye suka cika maƙil da mutanen da ƙafafunsu suka shanye. Cutar takan fara da ciwo a sha-raɓa, sai ƙafa ta yi nauyi, mutum ya kasa ɗaga tafinta daga ƙasa, daga baya kuma ta kama hannuwa. Da fari an zaci annoba ce irin ta shan inna. Amma likitoci biyu da suka zo daga Oxford ta Ingila a ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, Honor Smith da John Spalding, sun lura da wani abu: cutar ba ta bin maƙwabtaka, aljihu take bi. Talakawa take kamawa, ta tsallake gidajen masu hali. Da aka bi sawu sai aka tarar wasu 'yan kasuwa ne suka sayi rarar man shafa wa injin jirgin yaƙi daga gwanjon sansanin mayaƙan saman Amurka da ke Nouasseur, kusa da Kasabalanka, suka gauraya shi da man girki, suka sayar da araha. Mutum wajen 10,000 abin ya shafa. Waɗanda suka mutu kaɗan ne, amma da yawa sun ƙare rayuwarsu da sanda ko a zaune. Sarki Muhammadu na Biyar ya sa hannu a wata doka mai tanadin hukuncin kisa ga masu irin wannan ha'inci, ƙungiyoyin agaji na ƙasashe da dama suka aiko da ma'aikata, a 1960 kuma har kan sarki aka buga don tara wa majinyatan gudummawa.

A cikin labaran da aka ruwaito daga wannan annoba akwai ɗaya da ya tsaya mini a rai. Wasu mutanen gida guda sun ga launin man bai kwanta musu ba, sai suka fara bai wa karensu abincin da aka dafa da shi. Kare ya ci, ya lashe baki, ya tafi harkarsa lafiya lau. Ganin haka su ma suka ci. Bayan 'yan kwanaki, da su da karen duk ƙafafu suka mutu. Ku duba fa, waɗannan bayin Allah sun yi gwaji a kan dabba, hankalinsu kuwa ya yi daidai. Abin da ba su sani ba shi ne wannan guba ba ta nuna kanta sai bayan mako ɗaya zuwa uku.

Sunan gubar a taƙaice TOCP. Tana cikin wani rukunin sinadarai da ake zuba wa man inji domin kada ƙarfe ya ci ƙarfe sa'ad da zafi ya tsananta, ana kuma yin man haidirolik da danginta, wanda shi ne ɗan'uwan man birkin mota, mai ɗaga ƙafar jirgi da motsa manyan na'urori. Soja suna son irin wannan mai ne saboda ba ya kama wuta da sauri, kuma suna da dalili. A watan Mayu na 1954 man na'urar da ke cilla jirage ya yi bindiga a cikin USS Bennington, wani katafaren jirgin ruwan Amurka mai dakon jiragen yaƙi, mutum 103 suka hallaka. Wanda ya ga irin wannan dole ya nemi man da wuta ba ta ci. Sai dai maganin gobara ya zo da nasa ciwon.

Abin takaicin shi ne, a 1959 ɗin nan duniya ta riga ta san TOCP shekara 29. A 1930, zamanin da aka haramta giya a Amurka, dubban mutane sun shanye bayan sun sha wani tsimin citta da aka gurɓata da ita. Wani likitan gwamnati, Maurice Smith, shi ya gano ta, bayan ya gwada tsimin a kan dabbobi iri-iri, ya ga maraƙi da kaza suna shanyewa kamar yadda mutane suka yi. A watan Yuli na 1940 kuma, a ƙauyen Ramiswil na ƙasar Suwizalan, an zuba man sanyaya bindiga mai jigida a cikin gwangwanin man girki, kukun soja ya soya burodi da cuku da shi bisa kuskure, soja 74 da wasu fararen hula suka kamu. Har yau mutanen ƙasar suna kiransu sojan mai.

To, me ya sa kaza? Ai ɓera ne aka saba gani a ɗakin bincike. Amsar ita ce ɓera yana iya shan gubar, jijiyoyinsa su taɓu, amma ya ci gaba da yawonsa kamar babu abin da ya same shi. Wanda ya dogara da ɓera kaɗai zai rantse man ba shi da illa. Kaza kuwa da ƙafa biyu take tafiya kamar mu, kuma jijiyoyinta suna karɓar gubar yadda namu ke karɓa, don haka da ta fara tangaɗi kowa zai gani. Kuma sai babbar kaza, domin ɗan tsako ba ya nuna alamar. Ƙa'idar da ƙungiyar ƙasashe ta OECD ta shimfiɗa ta ce a ɗauki kaza mai wata 8 zuwa 12, a ba ta sinadarin, a riƙa fito da ita tana tattaki ana rubuta yadda take ɗaga ƙafa, har kwana 21, sa'an nan a yanka ta a duba laka da jijiyoyi da madubin likita. Bincike ya nuna hanta ce ke juya TOCP ta zama gubar gaske, wadda ke lalata dogayen jijiyoyi tun daga ƙarshensu, shi ya sa ƙafa ke riga hannu. A 1969 Martin Johnson na Ingila ya gano sinadarin da gubar ke kamawa a cikin jijiya, abin da ya sa yanzu ana iya auna haɗarin cikin kwana ɗaya ko biyu da shan ta. Tun 1958 kuma wani Bajamushe, Dietrich Henschler, ya nuna cewa wasu 'yan'uwan TOCP da ke tare da ita a cikin man sun fi ta dafi, watau rage ta ita kaɗai bai isa ba. Waɗannan gwaje-gwaje ne suka sa masu yin mai suka rage irin wannan dafi ƙwarai a man jiragen yau.

Wannan shi ne ɓangaren da dabba ta faɗi gaskiya. Akwai kuma inda ta yi shaidar da ba ta shafe mu ba. A sansanin mayaƙan sama na Wright-Patterson da ke jihar Ohio, inda aka yi shekaru ana irin wannan aiki, an sa ɓeraye manya da ƙanana da karnuka a ɗakuna na musamman suna shaƙar tururin man jirgi dare da rana har kwana 90. An gwada JP-4, wanda gamin fetur ne da kananzir, da JP-5 na sojan ruwa, da JP-8 da ya maye gurbin JP-4 a tsakiyar shekarun 1990. Sai aka ga ƙodar manyan ɓeraye maza tana lalacewa, alhali matansu lafiya ƙalau, haka ma sauran dabbobin. Hankali ya tashi, domin dubban samari ne ke wanka da wannan mai kullum wajen ɗura wa jirage. Daga baya aka gano cewa namijin ɓera yana da wani sinadari a jikinsa wanda mutum ba shi da shi, shi ne ke haɗuwa da man ya taru a ƙoda. A 1991 hukumar kare muhalli ta Amurka ta yanke cewa irin wannan ciwo ba hujja ba ce a kan ɗan Adam. Amma wannan bai wanke man ba. JP-8 ya fi JP-4 wuyar kama wuta, sai dai da yake ba ya bushewa da wuri yakan daɗe a fata da tufafi, gwaje-gwajen baya kuma sun nuna yana raunana garkuwar jikin ƙananan ɓeraye, yana ƙara lahanin da ƙara ke yi wa kunne. Makanike kuwa a cikin ƙarar injin yake wuni.

Saura batun haƙƙin dabbobin, wanda ba na so mu wuce shi da gudu. A 1973 wani ɗan majalisar Amurka, Les Aspin, ya fallasa shirin mayaƙan sama na sayen 'yan kwikwiyo 200 da za a hana su haushi, domin gwajin iska mai guba. Wasiƙun fushi suka yi ta kwarara ma'aikatar tsaro. A 2025 kuma sojan ruwan ƙasar suka sanar da daina gwaji a kan karnuka da kyanwoyi. Kaza dai ba ta shiga sanarwar ba. Da ma kare yana da masu yi masa kuka a can, kaza kuwa kullum a tukunya ake saduwa da ita. Tun a 1959, shekarar annobar Meknes, masana biyu na Ingila, Russell da Burch, suka ba da shawarar a maye gurbin dabba da wata hanya in akwai, a rage yawanta in babu, a kuma sassauta mata wahala. Ni a ganina nan gaskiya ta tsaya. Ban ga yadda zan ce a bar gwajin kaza ba muddin ba a sami abin da ya kai ta tabbaci ba, domin kaji ƙalilan da ƙafafun mutum dubu goma ba mizani ɗaya suke ba. Amma wanda ya maimaita gwajin da an riga an san amsarsa, don kawai ya cika takarda, wannan ya ɗauki alhaki.

Wani abin da ya fi damuna kuma daban ne. Mutanen Meknes ba rashin bincike ya shanye su ba. An yanka kajin, an rubuta sakamakon, an adana a littafi tun 1930. Abin da aka rasa shi ne mai bin duro daga ƙofar sansani zuwa hannun ɗan kasuwa, da mai tambayar ɗan kasuwa abin da zai yi da shi. A nan ne labarin ya iso ƙofar gidanmu. Kowa ya san yadda duro da jarka da garwa suke da daraja a kasuwanninmu, daga Legas har Kano. Ana sayen wanda aka juye man inji ko wani sinadari, a ɗauraye shi da omo, a zuba ruwan sha ko manja ko man gyaɗa, ba mai karanta rubutun da ke jikinsa. Akwai kuma masu shafa wa dabba baƙin mai a gyambo ko ƙazuwa, da makanikan da ke wanke hannu da fetur su zauna cin abinci. Ban ce kowane mai yana ɗauke da gubar Meknes ba, amma mai sayen tsohon duro ba shi da hanyar sanin wanne ne yake da ita, TOCP kuwa ba ta da ƙamshi ko ɗanɗanon da zai gargaɗe shi, kuma suya ba ta kashe ta.

Don haka ina kira ga hukumomin da ke gwanjon tsofaffin kayan soja da na filayen jirgin sama su riƙa huda duron da ya ɗauki irin wannan mai kafin ya fita, rarar man kuma kada a sayar da ita sai ga wanda aka san inda zai kai ta. Ma'aikatan asibiti kuma, in suka ga mutane da yawa daga gida ɗaya ko unguwa ɗaya, manya da yara, sun zo da mutuwar ƙafafu ba tare da zazzaɓi ba, kada tambaya ta tsaya ga abin da suka ci jiya. A tambaye su man da suka yi girki da shi mako biyu ko uku da suka wuce, da wurin wanda suka saya, a kuma riƙe ragowar kwalbar don a kai ta ɗakin bincike.