Oga Ya Bari Sai Ƙarshe

Jama'a, mu faɗa wa juna gaskiya. Yawancin tarukan bita da ake kwasar ma'aikata a kai otal kwana biyu, hoto da alawus kawai ake dawowa da su. Dalili? Oga ne ke fara magana. Da ya buɗe baki shi ke nan, sai "haka ne ranka ya daɗe" har a tashi. Ƙaramin ma'aikacin da ya san inda matsalar take sai ya haɗiye tasa.

Ni shawarata uku ce. Kowa ya fara rubuta ra'ayinsa a takarda, ba suna. A kamfanin Amazon ma shiru ake yi, a karanta bayani mai shafi 6 kafin muhawara. Na biyu, a fara jin na ƙasa, shugaba ya rufe. Na uku, kowace matsaya a rubuta mai aiwatarwa da ranar da za a tambaye shi.

A taron bitar ministoci na Nuwamban 2023 a Abuja, an sa kowa ya rattaba hannu kan alƙawarin aiki. Sa hannu ba wuya, bibiya ce aikin. In ba mai tambaya bayan wata uku, wallahi shinkafa kawai aka je ci.