Idan talakawa suka ɗora mutum, wa zai taka masa birki?

'Yan uwa matasa, duk lokacin da na ji an ce "ai jama'a na bayansa", sai Andrew Jackson ya faɗo mini a rai.

A 1828 Amurkawa suka zaɓe shi shugaban ƙasa. Maraya ne, soja, ba ɗan manyan gida ba. A lokacin, jihohi da yawa sun soke sharaɗin mallakar dukiya kafin a jefa ƙuri'a, sai talakawa farar fata suka fito ƙwansu da ƙwarƙwatarsu.

Daga nan fa ya ɗauki kansa bakin al'umma. Ya hau kujerar na-ƙi kan dokoki 12, fiye da na shugabanni shida da suka gabace shi a haɗe. A 1832 ya ƙi sabunta izinin Bankin Amurka, yana cewa na attajirai ne. Talakawa suka tafa, suka sake zaɓensa. 'Yan adawa kuwa suka laƙaba masa "Sarki Andrew".

To amma wace jama'a? Mata ba su da ƙuri'a. Shi kansa bayinsa sun haura 100. A 1830 ya sa hannu kan dokar tashin 'yan asalin ƙasar daga filayensu. Kotun Ƙoli ta ba ƙabilar Cherokee gaskiya a 1832, ya yi kunnen uwar shegu. A 1838, bayan saukarsa, aka tasa ƙeyarsu zuwa yamma, dubbai suka mutu a hanya.

Shi ya sa ni tafi ba ya ruɗa ni. Ranar da taro ya juya maka baya, kotu da majalisa ne kaɗai gatanka. Kar ka taya kowa karya su.