Martani: Dusa Kaɗai Ba Ta Riƙe Doki

Malam, ka rubuta cewa dokin da ke cin ingirici dusa kawai za a ƙara masa. Wannan shawara karya doki take yi. Dusa cike take da fosfaras, kalsiyam ɗinta kuwa kaɗan ne, alhali doki yana son kalsiyam ya rinjayi fosfaras, kamar 2 bisa 1. In aka juya lissafin, ƙashi ya yi laushi, fuska ta kumbura, ɗingishi ya biyo baya. Harawar wake ko ta gyaɗa ce ke cike wannan giɓi. Doki yana kuma buƙatar gishiri, da bitamin A da E da ciyawa ke rasawa a ajiye. Masu barga, ku tuntuɓi likitan dabbobi kafin ku cika kwano da dusa.