Kar Mu Kai Su Inda Allah Bai Kai Su Ba

Mai karatu, akwai finafinan Turawa da masoyansu ba sa son a taɓa ko da tsinke. To, yau zan taɓa.

Ɗauki Reservoir Dogs na Quentin Tarantino, na 1992. Gwaninta kam akwai ta: an yi fashin lu'ulu'u amma ba a nuna maka fashin ba, sai ɓarayin a wani sito suna zargin juna, ɗaya kwance male-male cikin jini. Kuɗi kaɗan, magana mai kaifi. Amma batun ɗan sandan da ya saje da ɓarayin, da yadda suka ɗora wa juna bindiga a ƙarshe, je ka kalli City on Fire na Ringo Lam, fim ɗin Hongkong na 1987, ka ba ni labari. Da ɗan Kano ne da tuni ka ce wankiya. Tarantino ya yi, sai ta zama basira?

Na mawaƙan punk sun fi ba ni haushi. A Sid and Nancy na 1986, Gary Oldman ya yi rawar gani, ba musu. Amma fa gawar Nancy Spungen aka tsinta da sukar wuƙa a wani otal a New York a 1978, aka tuhumi saurayinta Sid Vicious, ƙwaya ta kashe shi a 1979 yana ɗan shekara 21. Shi kuwa fim ɗin sai ya ƙare da tasi ta kwashe su biyun kamar ango da amarya. Haba! John Lydon, abokin Sid kuma mawaƙin ƙungiyarsu ta Sex Pistols, shi kansa tir ya yi da fim ɗin.