Me Ya Haɗa Makaɗi da Tashar Nukiliya?

Kwalejin Bismarck da ke jihar Dakota ta Arewa, a Amurka, tana koyar da fasahar sarrafa tashar lantarki ta nukiliya, tana kuma da darussan kiɗa da waƙa na rukuni. Mai karatu zai ce, me ya haɗa kifi da kaska? A ganina, wanda zai zauna a ɗakin sarrafa tasha ya fi kowa bukatar darasin kiɗan.

Ranar 28 ga Maris, 1979, a tashar Three Mile Island ta jihar Pennsylvania, wani bawul ya maƙale a buɗe, ruwan sanyaya tukunyar yana ta zurarewa. Fitilar allo kuwa umarnin rufewa kawai take nunawa, ba halin da bawul ɗin yake ciki ba. Ƙararrawa suka kaure, ma'aikata suka zaci ruwa ya yi yawa, suka rage wanda ake turawa. Sai bayan fiye da sa'a 2 aka toshe bututun, kusan rabin makamashin tukunyar ya narke.

Daga baya aka ƙarfafa horar da ma'aikata a ƙungiyance, a ɗakin kwaikwayo, inda wanda aka ba umarni yake maimaita shi da baki kafin ya taɓa maɓalli. Wannan horon kunne ne. Makaɗi a rukuni yana kiɗansa, hankalinsa na kan na kusa da shi. Da wani ya kauce, nan take ya ji.

Saboda haka malamanmu na sakandare su daina janye ɗaliban kimiyya daga ƙungiyar kiɗa ta makaranta da sunan ɓata lokaci ne.